Daminar da Hamisu Ya Tsare Gada

Na sha jin ku kuna ba baƙi labarin filin nan na bayan gidanmu, kowa da irin tasa. Saratu takan ce rigimar gado ce ta hana a gina shi. Hadiza kuwa, da yake bakinta ba ya hutawa, ta ce wai aljanu ne a gindin dogon yaron da ke tsakiyar filin, su suka kori magina. Kai, Hadiza! Aljanun da na sani a filin nan duk da majina a hancinsu, kuma na san iyayensu ɗaya bayan ɗaya. To ku saurara in gyara muku tun ina da sauran numfashi. Ba alƙali ne ya hana ba, ba kuma aljani ba ne. Ni Ramatu na hana, da hankalina, idona biyu, kuma da za a mayar da ni waccan shekara abin da zan sake yi ke nan. Ku biyu kuna Gaya ta Nijar gidan gwaggonku a lokacin, kuna hutun lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa labarin ya zo muku a gutsure. Shi kuwa Hamisu, autana, wanda aka yi komai dominsa, ya yi ƙanƙanta da ya riƙe.

Filin na Babana ne, Allah Ya jiƙansa. Da aka raba gado, ɓangaren da ya jingina da katangar gidanmu ta baya ya faɗo mini, ɗaya ɓangaren kuma ya zama na Yaya Idi, wanda nake bi uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarun nan ne da ƙasarmu Benin ta sake salo aka fara jefa ƙuri'a, kasuwar garinmu Malanbil ta buɗe baki. Manyan motoci su yi layi tun daga gadar da ta haɗa mu da Nijar har cikin gari, albasar Garu tana shigowa buhu kan buhu, fatake daga Kamba da Birnin Kebbi suna neman wurin ajiya ido rufe. Duk wanda ke da ƙasar da ta kai faɗin tabarma sai ya kira magini ya tayar da magaza, wato ɗakin ajiyar kaya. Ni ma ina da rumfata a layin 'yan albasa, kuma ba yabon kai ba, ba a yi macen da ta fi ni ciniki a layin nan ba.

Amma gidanmu ba lafiya, kuma kun san dalili ko da ba a faɗarsa. Bashiru, wanda ke bin Hadiza, yana ɗan shekara bakwai ya bi abokansa bakin gulbi a wani hutun damina, bai dawo da ƙafarsa ba. Masunta ne suka tsamo shi can ƙasa da gada. Ina da cikin Hamisu a lokacin. Ranar suna, babanku ya ɗauki jaririn ya dube shi, ya ce wannan kam ba zai ƙetare zaure ba sai hannunsa na cikin hannun babba. Kuma ya cika maganarsa. Babanku mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma a kan wannan magana ko kusa ba a taɓa shi. Yaran unguwa in sun leƙo sai ya sallame su daga zaure. Ko randa aka bari a buɗe sai an ji muryarsa. Hamisu ya tashi tsakanin ɗakina da madafa, ga abinci, ga sutura, ga manya ta ko'ina suna miƙa masa abu tun bai nema ba.

Ya shekara biyar babu magana. In yana son ruwa ya nuna randa. In yana son tuwo ya ja mini zane. "Inna" kaɗai yake cewa, ita ma sai ya matsu. Ƙafafunsa sirara, ko tsakar gida ya ruga sai ya faɗi. Mun kai shi wurin likita a Gaya, ya haska kunne, ya duba harshe, ya ce bai ga komai ba. Rubutu kuwa ya sha har na daina lissafi. Mushen lakwal ɗin unguwarmu, wato malamin, da na je masa da batun sa shi aji in an koma, ya yi masa tambaya da Faransanci, ya yi da Dendi, ya yi da Hausa, yaro ya cusa kai cikin mayafina. Mushe ya ce in yi haƙuri, ba zai iya ɗaukar yaron da ba ya amsawa ba. A hanyarmu ta komawa na ji wata mai tuyar ƙosai tana ce wa 'yarta, ga beben gidan Alhaji nan. Wallahi har yau in na tuna sai na ji zafin maganar a ƙirjina. Na san garinmu. In suna ya kama yaro yana ƙarami, da shi za a kai shi kabari.

Wata ranar da ba ta kasuwa ba, bayan an ɗauke ruwa da hantsi, na nemi Hamisu na rasa. Gabana ya faɗi, na zagaya bayan ɗaki da gudu. Sai ga shi kwance rub da ciki cikin laka, ya manna ido a ramin da ruwan tsakar gida ke fita ta ƙasan katanga. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na lura da leɓensa. Motsi suke yi. Ba sauti, amma motsi suke yi, yana bin maganar wasu. Na taka turmi na leƙa ta saman katanga in ga abin da yake kallo.

Yaran unguwa ne sun cika filin Babana, Dendawa da Zabarmawa da namu Hausawa, har da 'ya'yan Fulanin da ke kawo nono daga ƙauyen Tumbutu. Wasan gada suke yi, wanda duk yaron Malanbil ya sani. Sun ja layi biyu a ƙasa da tsinke, tsakaninsu shi ne gulbi. Nan Benin, can Nijar. Sun shimfiɗa wani tsohon katako ya haɗa layukan, shi ne gada. Kowa da motarsa ta gwangwanin sardin, tayoyin an yanko su daga tsohon silifa, an loda mata tsakuwa a matsayin albasa, ana ja da zare. A bakin katakon ga duwan, wato ɗan kwastan, zaune a kan bulo, ga mai riƙe da kara yana tare hanya. Ba mai wucewa sai ya tsaya ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya ɗauko da inda za shi, ya miƙa ganyen dogon yaro a matsayin takarda, ya yi roƙo, ya yi rantsuwa, kamar yadda suke ganin iyayensu na yi. Shugabar duwan ɗin wata 'yar Dendawa ce, Bibata, 'yar maƙwabcinmu mai gyaran babur, ba ta fi shekara tara ba, amma muryarta ta fi ta jandarma. Wani yaro ya gaji da layi ya tsallaka ta gefe, sai na ji ta daka tsawa:

"Ka taka gulbi! Ruwa ya ci ka, hita daga wasa!"

Na sauko daga kan turmin, kun san abin da wannan magana ta taɓo mini. Na daɗe zaune. Amma da hankalina ya dawo, sai na ga wani abu. Yaran nan suna koya wa junansu tsoron ruwa ba tare da an kulle kowa ba. Kuma duk wasan magana ce, wanda bai buɗe baki ba ba ya ƙetarewa. Mu kuwa a gida mun hana ɗana duk wani dalilin buɗe baki.

Cikin kwanakin nan Yaya Idi ya zo da wani Alhaji daga Kamba da magini, suna auna filin da igiya. Ya riga ya yi wa mutumin alkawarin filin gaba ɗaya, nasa da nawa, za a yi magaza babba mu riƙa karɓar haya. Bai tambaye ni ba, don a ganinsa wace ƙanwa ce za ta ƙi arziki? Na yafa mayafi na fita na same su.

"Yaya, naka ɓangaren ka yi yadda kaka so. Nawa dai a bar shi."

"A bar shi a yi mi da shi, Ramatu?"

"Yara na wasa a ciki."

Ya dube ni, ya dubi baƙonsa, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Wasa? Na ba mutum magana gaban jama'a, ki kunyata ni don wasan ɗiyan mutane? Ke da ɗanki ko zaure ba ya hita?"

"Zai hita, in Allah Ya so."

Ɓangarensa kaɗai bai isa abin da Alhajin Kamba ke so ba, sai mutumin ya naɗe igiyarsa ya nemi wani wuri. Yaya Idi ya tafi ko sallama bai yi mini ba.

Saura babanku. Na same shi bayan sallar azahar yana shirin bin motar albasa zuwa Kutonu, na faɗa masa abin da na gani ta saman katanga. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce:

"Na binne guda, Ramatu. Ba ni binne na biyu. Gara shi zauna bebe ina ganinai."

Na ce, "Alhaji, ni ma na haifi wancan, ban manta ba. Amma wanga ma binne shi muke, da ransa."

Ya ɗauki jakarsa ya fita, kuma na san shirunsa ba izini ba ne. Kada wani cikinku ya ce babanku mugu ne. Tsoro ne, kuma tsoron da ke da dalili. Amma na auna na ga in na jira tsoron nan ya wuce, Hamisu zai yi gemu yana ja mini zane. Washegari da safe na ɗauki taɓarya na nufi katangar baya. Ta laka ce, ruwa ya riga ya jiƙa ta. Na yi ta dukanta har na buɗe ƙofar da mutum zai wuce a sunkuye. Na ɗauko tabarma da tsintsiya, na share ƙaya da fasassun kwalabe, na zauna a gindin dogon yaro inda idona ke kan kowa. Na aika wa iyayen yaran cewa duk wanda ɗansa ke filin nan ya kwantar da hankalinsa, Ramatu na zaune, ba mai zarcewa bakin gulbi. Rumfata kuwa na bar wa wata ƙawata ta riƙe mini, ita ma ta riƙe da kyau, don har yau ba ta saki ba.

Kada ku zaci abin ya zo da sauƙi. Da farko Hamisu ya ƙi sauka daga tabarma. Ƙafarsa ta taɓa jiƙaƙƙen yashi ya ɗage ta yana kuka. Yaran suka kewaye shi suna kallo, wani ya ce ai beben ne, Bibata ta kai masa rankwashi ta ce a filin nan ba a faɗin haka. Ita ce ta dube shi sama da ƙasa, ta ce tunda ba ya magana ba zai yi direba ba, amma ai yana da hannu, sai ya riƙe karan tare hanya. In ta ce ɗaga, ya ɗaga. In ta ce sauke, ya sauke. Ranar farko da ya riƙe karan nan, ya waiwayo ya dube ni da wata fuska da ban taɓa gani a gare shi ba. Karo na farko ke nan da wani ya ba shi aiki.

Daga nan na zauna ina kallon ɗana yana zama mutum a gaban idona. Yara ba su da tausayin da ke lalata yaro. In ya nuna abu da yatsa, ba mai tashi ya miƙo masa. In ya faɗi, sai su ce tashi, kana tare hanya. Ya faɗi ya kurje gwiwa, na danne zuciyata na ƙi tashi, ya duba ya ga ba mai zuwa, ya miƙe ya kakkaɓe. Ya koyi jiran layi. Ya koyi cewa in ka fizge motar wani za a fizge taka. Wani ɗan Zabarmawa ya nuna masa yadda ake huda gwangwani da ƙusa, ya ɓata wajen guda nawa kafin tasa ta yi tafiya, kuma ranar da ta yi, da ita ya kwana a hannu. In an gaji da gada a yi langa, a yi tsere zuwa bakin katanga, in an yi ruwa a kwaɓa laka a gina shanu. Ƙafafun nan sirara suka yi ƙwari. Yaron da nake bi da tuwo ina lallashi ya koma yana sauke kwano yana neman ƙari. Dariya ma sai a lokacin na san irin tasa, ashe irin ta Bashiru ce sak. Sauti kuma ya fara fita. Yana jan motarsa yana kukan inji, yana yin oda. Wani lokaci in ga bakinsa ya haɗa kalma, sai ya haɗiye ta. Na ce a raina, ko iya nan aka tsaya na ci riba, amma ban daina roƙon Allah ba.

Matan layinmu na kasuwa kuwa sun samu abin taunawa. Wai Ramatu ta bar ciniki ta koma raino, wai baƙin cikin ɗa ya taɓa mata kai. Su faɗa mana! Ni na san abin da nake saye da zaman nan.

Tafiyar babanku ta yi tsawo, motarsu ta lalace a hanya, ga jiran kuɗin kaya a can. Ya dawo wata la'asar ba sanarwa. Ya shiga gida bai ga kowa ba, ya zagaya baya, sai ga ƙofa a katangarsa. Ina zaune na ga ya sunkuyo ta cikinta, ko hularsa bai gyara ba. Ya hango Hamisu can a bakin katako, tsakiyar yara, jikinsa duk laka. Ban taɓa ganin fuskar babanku haka ba. Bai dube ni ba. Ya miƙe kai tsaye wurin yaron zai ɗauke shi, kuma hanyar da ya bi ta ratsa tsakanin layukan nan biyu da aka ja a ƙasa. Shi bai ma gan su ba. Yaran suka yi tsit, har Bibata, don ba mai iya ce wa Alhaji ya fita daga wasa. Ya sa ƙafa ɗaya cikin layi, sai wata murya ta tashi, siririya, a shaƙe, muryar da ban taɓa ji da ƙarfi haka ba:

"Baba, kak ka shiga! Gulbi ne! Ruwa zai ci ka!"

Babanku ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaba. Ya dubi ƙasa, ya ga layin. Ya dubi yaron. Hamisu ya ɗaga karansa yana nuna katakon, idonsa ya cika da hawaye don tsoron kada ubansa ya nutse.

"Bi ta gada, Baba."

Ni dai na toshe bakina da mayafi. Na ga babanku ya janye ƙafarsa a hankali ya mayar baya. Sa'an nan mutumin nan, Alhaji guda, da babbar rigarsa da ƙurar Kutonu a jikinsa, ya zagaya ya bi bayan motocin gwangwani ya shiga layi. Ya jira aka sallami na gabansa. Da ya iso bakin katako, Hamisu ya sauke kara ya tare shi, ya waiwaya ya dubi Bibata. Ta ce masa, to tambaye shi mana, kai ne duwan yau.

"Mi ka ɗauko?"

"Ban ɗauko komi ba, ranka shi daɗe," in ji babanku.

"Ina za ka?"

"Wurin ɗana za ni."

Hamisu ya yi kamar yana tunani, kamar yadda ya ga ana yi. Sa'an nan ya ce takarda. Babanku ya duƙa ya tsinci ganyen dogon yaro ya miƙa masa da hannu biyu. Yaro ya juya ganyen, ya duba gaba da baya, ya ɗaga kara ya ce wuce. Ya taka katakon nan ya ƙetare, ya durƙusa cikin laka ya rungume shi, kuma a gaban yaran unguwa duka babanku ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka kawo Bashiru.

Bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ba halinsa ba ne. Amma bayan kwana kaɗan ya kira kafinta ya sa wa ramin da na fasa ƙyaure, ya ce a bar shi a buɗe daga safe zuwa magariba. Da aka koma lakwal na sake kai Hamisu wurin mushe. Ya tambaye shi sunansa, ya faɗa, ya ƙara da sunan ubansa da na unguwarsu ba a tambaye shi ba, da Hausa da Dendi. Sauran kun sani. Wanda aka kira bebe shi ne yau in ya fara zuba a tsakar gida sai kun roƙe shi ya yi shiru.

Abin ya ci mini, ba zan ɓoye muku ba. Rumfata ta tafi, ban sake samun wuri irinta ba, na ƙare ina sayar da albasa a ƙofar gida. Wannan bai dame ni ba kamar Yaya Idi. Mutumin da ya goya ni ina ƙarama ya daina taka gidana. Muna gaisawa a wurin biki da wurin rasuwa, gaisuwar baƙi. Na bi shi, na aika, na je da kaina da Salla, ya karɓe ni a zaure. Har ya koma ga Allah bai yafe mini kunyar da ya ce na ba shi ba, kuma wannan ciwo da shi zan tafi. Ina yi masa addu'a kullum. Amma ko a gabansa ban taɓa cewa na yi nadama ba, don ban yi ba.

Yanzu magaza ta kewaye filin ta ko'ina, na san kuma ana zuwa muku da magana mai daɗi a kansa, har na ji an fara cewa in tsohuwa ta kau sai a san abin yi. To tsohuwa ba ta kau ba tukuna, kuma kunnenta garau yake. In na tafi, filin naku ne, ba zan tashi daga kabari in hana ku ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ku kira magini, ku bari damina ta sauka a ba da hutun lakwal, ku ɗauki tabarma ku zauna a gindin dogon yaron nan wuni guda. Jiya ma ina can. Sun ja layukansu, sun shimfiɗa katako, kuma wadda ke riƙe da kara 'yar Hamisu ce, ƙaramar, mai sunana. Na taso zan koma gida in yi alwala, ƙafa ta yi nauyi, na ce bari in yanke ta nan kusa. Ta daka mini tsawa ta ce Kaka, gulbi ne. Na zagaya na bi ta gada.